Neman shawara: ɗan siyasa za mu kira ko malami? Lakcar man Kolmani ta raba mana kai

'Yar Bolari:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa haɗa taron lakca a makaranta. Ni ce sakatariyar ƙungiyar ɗaliban sashenmu, jiyoloji, wato ilimin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, muke karanta a wata jami'a nan jihar Gombe, kuma al'adar sashen ce duk shekara kafin jarabawa a kira baƙo daga waje ya yi mana lakca. Bana mun tsayar da batun man Kolmani, wato man fetur da aka gano a yankin iyakar Bauchi da Gombe, don da mutum ya ji abin da kake karanta sai ya ce to ina maganar man namu ta kwana, kuma wallahi yawancinmu ba mu da amsan da ya wuce abin da muka ji a rediyo.

Inda aka samu saɓani shi ne wa za a kira. Shugaban ƙungiya da ma'aji sun dage sai wani ɗan siyasa, wai zai cika hol da mutanensa kuma ba zai tashi ba sai ya ajiye wani abu, mu kuma naira dubu 180 ce kaf a asusunmu, a ciki za a yi fosta, a sayi ruwa, a ɗauko lasifika, a zuba mai a janareto. Ni da wasu muna son malami ko injiniyan da ya san aikin, sai suka ce ai bara farfesa aka kawo kujerun gaba kawai aka cika har kunya ta kama shugaban sashe. Sannan ga maganar yare, wasu sun ce Turanci zalla tunda jami'a ce, wasu sun ce a sa Hausa tunda muna so mu gayyato dattawa daga ƙauyukan wajen. Sati biyar ya rage. Ya kuke gani?

Hamma na Jekadafari:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na riƙe shugabancin irin wannan ƙungiya a zamaninmu, kuma abin da shugabanku yake so shi muka yi. An sa taro ƙarfe goma, mutumin bai iso ba sai bayan azahar, kafin nan yaransa sun cika layin gaba suna ta kirari, ya hau ya yi minti ashirin a kan rijiyoyin burtsatse da ya yi wa mazaɓarsa, batun lakca ko kusa bai taɓa ba, ya yi alkawarin kuɗi aka yi tafi kamar hol zai tsage, har muka gama makaranta muna sintiri ƙofar gidansa. Ba na ce duk haka suke ba fa. Amma in za ku kira shi ku kira shi a matsayin babban baƙo na musamman, a ba shi kujera da minti biyar, mai lakca kuma daban. Kuma ku fara a kan lokaci ko ya zo ko bai zo ba.

Ɗan Herwagana:
Hamma maganarka gaskiya ce amma kun manta da aljihu. Dubu 180 a wannan marra? Lasifika da man janareto kaɗai sun cinye rabi. Malamin da za a ɗauko iska zai sha ya zo? Ni kam ina bayan shugaba, a fara neman kuɗi tukun, ilimi yana nan a aji kullum ana yi.

Malam na Yelwa, Bauchi:
Ɗan Herwagana, ilimin da ke aji daban, wanda ake kiran baƙo dominsa daban. 'Yata, ni malami ne kuma ana kirana irin wannan taro, bari in gaya miki abin da ɗalibai ba su sani ba. Yawancinmu ba kuɗi muke jira ba, a biya mana man mota, a ba mu takardar godiya mai hatimin sashe, shi kenan, don takardar nan tana da amfani a fayil ɗin mutum. Abin da ke sa mu ƙi zuwa shi ne gayyatar da ta zo ta WhatsApp saura kwana uku, ba sa hannun kowa. Ki je wajen shugaban sashenku ya rubuta gayyatar a takardar sashe, ku kuma kai wasiƙa ofishin kula da harkokin ɗalibai tun yanzu don a ba ku hol kuma masu tsaron makaranta su san da zuwan baƙi daga waje, wannan shi ke cin lokaci ba neman mai lakca ba.

Kuma ba sai kun je Legas ko Fatakwal ba. A ATBU, jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, nan Bauchi akwai sashen jiyoloji, akwai na injiniyancin man fetur, akwai kuma cibiyar binciken man fetur ta ƙasa a cikin jami'ar. Bauchi zuwa Gombe wajen kilomita 150 ne, mutum zai yi sammako ya zo ya koma a ranar, kun huta da kuɗin otal. Ma'aikacin kamfanin mai kuwa yawanci sai ya nemi izinin ofishinsu kafin ya yi magana a bainar jama'a, in ma ya zo abin da aka riga aka faɗa a jarida zai maimaita muku, gara wanda ya yi ritaya.

Sai abu mafi muhimmanci, kar ku ba shi take mai faɗi irin wanda ake cika shi da manyan kalmomi. Tambaya za ku ba shi. Shell sun haƙa rijiyar Kolmani ta farko a 1999, suka tarar da iskar gas amma ba ta kai ta kasuwa ba suka tattara. NNPC suka dawo, a watan Oktoba 2019 suka ba da sanarwar an samu mai da gas a rijiya ta biyu. Ranar 22 ga Nuwamba 2022 Buhari ya zo da kansa ya ƙaddamar da aikin. To ku ce masa ya zo ya yi muku bayanin me ke tsakanin a ce an samu mai da a fara ɗiban shi ana sayarwa: rijiyoyin da ake ƙara haƙawa don a auna yawan abin da ke ƙasa, gwajin yadda yake bulbulowa, kuɗin da ake zubawa, da yadda za a fitar da shi daga wajen da ke nesa da teku, bututu ne ko matata a nan kusa. Wanda ya san aikin zai yi awa ɗaya a kan wannan ba wanda zai duba waya. Ɗan siyasa ba zai iya ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba fanninsa ba ne.

'Yar Bolari:
Na gode sosai Malam, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban san da maganar 1999 ɗin nan ba sai yau. Amma har yanzu tsorona kar a maimaita na bara, a ɗauko mutum tun daga Bauchi ya zo ya tarar da kujeru.

Adda Maman Ikram:
Ƙanwata ki fara tambaya me ya sa ba a zo na bara ba kafin ku ɗora wa farfesa laifi. Wace rana aka sa? Ƙarfe nawa? In Juma'a ce ko lokacin da wani aji ke da tes to ko wa kuka kawo ba za a zo ba. Ku zauna da jadawalin lakcoci ku nemo rana a tsakiyar sati, da safe kafin rana ta yi zafi, ku roƙi malaman da ke da aji a lokacin su sako muku ɗalibansu, kuma a gama kafin azahar don da an fita sallah ba mai dawowa, wannan kam kowa ya sani. Fosta ba ta kawo mutum, ku bi aji aji da bakinku. Kuma kar ku tsaya a sashenku, ku je wajen 'yan tattalin arziki da 'yan kimiyyar siyasa da 'yan jogirafi ku ce musu za a yi maganar kashi 13 cikin ɗari na kuɗin mai da jihohi masu mai suke karɓa da kuma kashi 3 da dokar man fetur ta 2021 ta ware wa al'ummar da ake haƙa a ƙasarsu, ki ga in ba su zo ba.

Wani abu kuma, mu mata ba ma son ɗaga hannu a cikin taron maza, a raba 'yan takardu a rubuta tambaya a miƙa wa mai gabatarwa. Da haka ma kun tsira daga masu karɓan makirfo su ce gajeruwar tambaya ce sai su yi tasu lakcar.

Ɗan Alkaleri:
Ni dai abu ɗaya, ku gaya wa mai lakcan ya faɗi gaskiya man nan a ƙasan Bauchi yake, a Alkaleri. Kar mu ji wani zance daban 😂

Ɗan Kumo:
Ga shi nan an fara. Akko ta jihar Gombe kuma fa, a ina ka bar ta?

Hamma na Jekadafari:
Ƙanwata kin ga waɗannan biyun ko? To a hol ma haka za a yi, kuma wani dalili ne da zai sa kar ku ba ɗan siyasa makirfo a wannan batu, don duk ɓangaren da ya fito zai ja wa nasu, kafin ki ankara taron ɗalibai ya koma rikicin iyaka, ku kuma a kira ku ofis. Ku samu malami mai natsuwa ya zama shugaban taro ya faɗa tun farko cewa maganar iyaka ba ta cikin abin da aka zo yi.

Malam na Yelwa, Bauchi:
Ku biyun ku kwantar da hankali, dutsen da ke ƙasa ya girmi 1996 da aka cire Gombe daga Bauchi da miliyoyin shekaru. Kwarin Gongola ne gaba ɗaya, reshen kwarin Binuwai na sama, ya ratsa jihohin biyu. Shi ya sa ma nake ganin ɗaliban nan sun yi sa'a, sunayen shimfiɗun duwatsun da ake karantawa a littafi na nan gida ne, Bima, Yolde, Pindiga, Gombe, Kerri-Kerri. 'Yata ki roƙi mai lakcar ya zo da samfurin duwatsu ko ku ɗauko na ɗakin gwajinku a jera a tebur, dattijon da ya zo daga Pindiga in aka ce masa sunan garinsu yana cikin littattafan masana duwatsu kuma ga dutsen a hannunsa zai saurara har ƙarshe. Ku haɗa da farar ƙasan Ashaka da kwal ɗin Maiganga don a ga cewa akwai arzikin da tuni ake ɗiba.

Bappa na Gwallaga:
Ni tsoho ne a cikinku amma bari in sa baki a maganar yare. In kun san za ku kira dattawa to kar ku tara su ku yi ta zuba Turanci suna gyangyaɗi, wulaƙanci ne, gara ku bar su a gida. A yi lakcar da Turanci don ɗalibai da shi za su rubuta jarabawa, amma a ware minti goma sha biyar a taƙaita da Hausa, tambaya kuma kowa ya yi da yaren da ya iya, in akwai mai Fulatanci ma a samu ɗalibi ya fassara. Kuma kar ku ɗauka taron ilimi baƙon abu ne a ƙasar nan, tun farkon shekarun 1940 Malam Aminu Kano yana koyarwa a Midil ta Bauchi su da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur suke da zauren tattaunawa, ba janareto ba lasifika, kuma tambayoyin da ake yi a wajen har hukuma sai da ta ji a jikinta.

Ɗan Tumfure:
Me zai hana a yi ta Zoom kawai? A samu wani ɗan Arewa da ke aikin mai a Ingila ko Amurka ya yi daga can, ba kuɗin mota ba komai, majigi kawai za a kunna.

Adda Maman Ikram:
Netwok ɗin cikin makaranta ka sani kuwa? Ana tsakiyar bayani hoto ya daskare, a koma ana "kuna jina, kuna jina". A bar shi dai a matsayin ƙari, ya turo bidiyo na minti biyar a sauke tun daga gida a kunna.

Ɗan Herwagana:
Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya gaya min inda kuɗi zai fito.

Hamma na Jekadafari:
Tsofaffin ɗaliban sashen mana. Akwai masu aikin haƙa burtsatse, akwai na ma'aikatar ruwa, akwai na siminti, kowa ya ba da dubu biyar biyar an wuce wajen, a sa sunayensu a bayan takardar shirin taro. Sannan ku rage almubazzaranci, ba dole a yi riga da hula ba, ba dole a yi wa manyan baƙi shinkafa da kaza ba, ruwa da ɗan lemo ya isa. Hol ɗin ma ku nemi ƙarami, mutum ɗari a ƙaramin ɗaki taro ne, a babban hol kuma sai a ce ba a zo ba.

'Yar Bolari:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na nuna wa shugabanmu duk abin da kuka rubuta, bai sauko gaba ɗaya ba amma ya yarda ɗan siyasan ya zo a baƙo na musamman, mai lakca kuma mu nemo daga Bauchi, gobe in sha Allahu za mu ga shugaban sashe kan wasiƙa. Saura tambaya ɗaya Malam, kuɗin motar nan a hannu ake bayarwa ranar taro ko turawa ake yi kafin ya taso? Kuma kamar nawa ne ba za a ce mun raina shi ba?

Malam na Yelwa, Bauchi:
Ki tura kafin ya taso, kwana biyu ko uku, kar ki bar dattijo ya sha mai da kuɗinsa sannan ya tsaya a bakin hol yana jiran ma'aji. Ku lissafa man zuwa da dawowa a farashin ranar ku ɗan ɗora wani abu a kai, in da direba zai zo ku tuna da abincinsa. Kuma ki tambaye shi tun yanzu ko zai zo da kwamfutarsa, don ku gwada wayar majigin da ita kafin mutane su shigo.