Silin na yoyo a gidan hukuma, wa zai gyara?

Maman Biyu:
Salam jama'a, don Allah shawara nake nema. Shekara 3 ke nan muna zaune a irin gidajen nan na hukuma masu rangwamen haya, to tun da aka fara ruwa silin ɗin ɗakin yara yake ɗiga, na tara bokiti har na gaji, fenti duk ya kumbura yana ɓarewa ga baƙar fumfuna ta bayan wadirob. Sau biyu ina zuwa ofis suna cewa za a turo mai gyara, shiru kamar an shuka dusa. Maigidana ya ce mu kira kafinta kawai mu cire kuɗin a haya. Hakan zai yiwu?

Tsohon Ɗan Haya:
Wa'alaikumus salam. Hajiya kar ki kuskura ki taɓa kuɗin haya ba da izininsu a rubuce ba, a littafinsu bashi za su rubuta miki kuma da shi za su iya neman tashinku, kin ga mai gaskiya ya koma mai laifi. Rufi, bango, bututun ruwa, wayarin, magudana, duk na masu gidan ne, wato hukuma. Naki su ne ƙananan abubuwa, ƙwan fitila, makullin da ya ɓata, gilashin da yara suka fasa da ƙwallo. Ɗauko agirimen ɗinku ki duba, yawanci an rarrabe.

Kafinta:
Yaya ki duba tabon da kyau tukuna. In ya yi zobe ruwan ƙasa-ƙasa a silin kuma yana ƙara faɗi bayan ruwa, daga rufi ne, ko ƙusa ta saki ko kwano ya huje. Ɗigo-ɗigon baƙi a kusurwa kuwa sau da yawa tururi ne da rashin iska, kuma nan suke laɓewa su ce laifinki ne kina shanya a ɗaki. Ki janye wadirob daga bango, in ruwan ya kusa soket ko fitila ki kashe wutar ɗakin yau ɗin nan.

Maman Biyu:
Zoben ne wallahi, har biyu. Yara ma na mayar da su falo.

Tsohon Ɗan Haya:
To ki daina zuwa da baki. Rubuta takarda da kwanan wata, haɗa da hotuna, su buga miki hatimi a kwafinki. In sun sa rana ki tabbata akwai wanda zai buɗe musu ƙofa, ni haka aka rufe fayil ɗina wai sun zo ba kowa.