Linux ɗinmu a kan z/VM ya ƙi tashi tun da muka sauya ma'ajiya

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu aiki da manyan kwamfutocin IBM Z ku taimaka mini. Muna da z15, a kanta z/VM (manhajar da ke raba kwamfuta ɗaya zuwa injina da yawa), a ƙarƙashinsa kuma injinan Linux na RHEL 8 guda shida. Duka daga SAN (hanyar sadarwar ma'ajiyar bayanai) suke tashi ta hanyar FCP (na'urar da ke haɗa inji da SAN), ba su da faifan ECKD, irin na gargajiya na IBM Z, ko ɗaya. Daren jiya Asabar muka kwashe faifan injin gwaji daga tsohuwar ma'ajiyarmu DS8000 zuwa sabuwa, FlashSystem. Mutanen ma'ajiya sun ce kwafin ya kammala lafiya, sun kuma haɗa faifan da sunan injin.

Na sauya lambar ƙofar ma'ajiya a SET LOADDEV PORTNAME (inda ake faɗa wa z/VM wurin da faifan tashi yake) zuwa sabuwa, na ba da IPL 1900, wato umarnin tayar da injin ta na'urar FCP mai lamba 1900. Sai in ga saƙon cewa loda (manhajar da ke ɗauko Linux daga faifai) ta fara aiki, daga nan ta kasa buɗe faifan, shi ke nan. Na maimaita har sau bakwai. Ranar Juma'a za a kwashe sauran biyar ɗin, cikinsu har da wanda ke riƙe da lissafin albashi, ga shi na gwajin ma bai tashi ba. Tun asuba nake nan ban runtsa ba.

Injiniya_Katsina:
Wa alaikumus salam. Ka fara da suwic na SAN kafin komai. Idan NPIV (tsarin da ke ba kati ɗaya lambobin shaida da yawa) a kunne yake a wajenku, kowace na'urar FCP tana da WWPN nata na daban, wato lambar shaidarta a SAN, mai farawa da c05076, kuma shi ake sakawa a zon (jerin waɗanda suwic ya yarda su ga juna), ba na katin FCP ɗin kansa ba. Sau da yawa masu SAN na katin suke ɗauka. Ka shiga wani injin da ke raye ka duba port_name da permanent_port_name a cikin /sys/class/fc_host don ka ga bambancin da idonka.

Sannan ita ma FlashSystem tana da nata NPIV ɗin. Ka sa su buga maka lstargetportfc, ka tabbatar lambar da ka saka tana cikin waɗanda host_io_permitted ɗinsu yake yes.

Ɗan_Fagge:
Na gode Injiniya. Na duba duka biyun, zon daidai yake, ƙofar ma daidai. A allon FlashSystem ɗin har ana ganin injin ya shigo na ɗan lokaci duk sanda na yi IPL, sai ya ɓace.

Baba_Menfirem:
Ƙanena, tunda ma'ajiya tana ganinka, to hanya ta buɗe, matsalar tana wajen abin da kake tambayarta. Ka ce ka sauya PORTNAME, ban ji ka ambaci LUN ba, wato lambar faifan a ma'ajiya. Ina zargin ka bar tsohuwar.

Kowace ma'ajiya da irin yadda take rubuta lambar nan. DS8000 tana raba lambar faifai gida biyu, ta sa 40 a gaban kowane rabi. Faifai mai lamba 1000 sai ya zama 40104000 00000000. FlashSystem ba ruwanta da wannan, lambar SCSI ɗin da aka ba faifan lokacin haɗa shi da injin ita ce a gurbi huɗu na farko, sauran duk sifili. Idan 1 ce, 00010000 00000000 ke nan. Amma ka kula, lshostvdiskmap da lissafin goma-goma take nunawa, LOADDEV kuwa da na sha shida yake karɓa. In ka ga 10, 000A za ka rubuta. Wannan ɗin ya taɓa cinye mini dare guda cur, ina ta zargin igiya da suwic alhali lafiyarsu ƙalau.

Ka buga QUERY LOADDEV ka kawo mana abin da ya fito.

Ɗan_Fagge:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi hakan ne, tsohuwar mai 40 ce zaune a wurin. Lambar SCSI ɗin 12 ce, na saka 000C0000 00000000, nan take kanel, wato zuciyar Linux, ya fara zubo rubutu. Sai dai murna ta koma ciki: ya yi ta jira na wasu mintuna, ya jefa ni cikin dracut (ƙaramin tsarin da ke nemo faifai lokacin tashi), wai bai ga rhel-root ba, wato babban ɓangaren faifan da Linux ke zaune.

Hajiya_zLinux:
Wannan ci gaba ne, kada hankalinka ya tashi. LOADDEV loda kawai yake nuna wa hanya. Da kanel ya karɓi ragama, sai ya nemi faifansa da abin da aka rubuta masa a saitin tashi na rd.zfcp, shi kuwa har yanzu tsohuwar DS8000 yake kira.

Daga inda kake a dracut, ka rubuta sabuwar LUN ɗin cikin unit_add na sabuwar ƙofar a ƙarƙashin /sys/bus/ccw/drivers/zfcp/0.0.1900, da 0x a gabanta, ka tayar da LVM (mai kula da ɓangarorin faifai), ka fita, zai ƙarasa tashi. Bayan ka shiga sai gyara na dindindin: rd.zfcp a fayilolin /boot/loader/entries, da /etc/zfcp.conf. Ka sa hanyoyin duka, ba ɗaya kaɗai ba, ka kuma duba multipath -ll domin WWID ɗin faifan, wato lambar shaidarsa, ya sauya. Daga nan dracut -f, sannan zipl. Kada ka juya su. zipl yana adana ainihin wurin da fayil yake a faifai ne, in ka sake gina initramfs (fayil ɗin da dracut -f ke ginawa) bayansa, tsohon wurin zai ci gaba da nunawa.

Ka duba lsreipl ma, mai nuna inda injin zai tashi in an yi reboot, in tsohuwar yake nunawa ka gyara da chreipl. Kuma SET LOADDEV yana tafiya da zarar an yi LOGOFF, don haka ka sa shi a direktori na z/VM.

Ɗan_Fagge:
Alhamdulillahi ya tashi! Na yi reboot sau biyu, na yi LOGOFF na sake shiga, duk lafiya, multipath na nuna hanyoyi huɗu. Allah ya saka muku da alheri, Hajiya, Baba da Injiniya.

Sauran biyar ɗin zan ƙara musu sababbin layukan rd.zfcp tun suna kan DS8000, in yi dracut da zipl kafin a fara kwafi. Na riga na nemi masu ma'ajiya su ba ni lambar SCSI ta kowane faifai a rubuce kafin ranar Laraba.