Mai kallo ma da ruwansa: idan aka yi ta'asa a gabanka

Mai buɗe zance, Garwa

Assalamu alaikum. An kama ɓarawon babur a bakin kasuwa ana jibga, ko an daɓa wa wani wuƙa a tasha, jama'a sun yi da'ira, waya a hannun kowa amma don ɗaukar hoto. Yawancinmu mun ɗauka wanda bai taɓa ba babu ruwansa. Masu aikin kotu, asibiti da bariki, ku warware mana yadda abin yake a nan Kamaru.

Lauya, Marwa

Wa alaikumus salam. Da ruwansa, Malam. Kundin hukunta laifuka na 2016, sashe na 283: wanda ya ga mutum cikin haɗarin mutuwa ko mummunan rauni, yana da halin taimaka masa da hannunsa ko ta kiran agaji ba tare da ya jefa kansa ko wani cikin haɗari ba, ya ƙi yi, hukuncinsa ɗaurin wata 1 zuwa shekara 3, ko tarar sefa 20,000 zuwa miliyan 1, ko duka biyun. Sashe na 171 kuma na wanda zai iya hana laifin aukuwa nan take ne ya naɗe hannu. Na 171 kafin wuƙa ta shiga, na 283 bayan ta shiga.

Alƙali yakan duba ko ka san akwai haɗarin, ko kana da hanyar taimako, ko kuma taimakon zai cuce ka. "Na ji tsoro" hujja ce ta ƙin shiga tsakanin mai adda da wanda yake sara. Ba ta wanke wanda ya koma gefe da waya a aljihu bai kira kowa ba. Doka ba ta ce sai ka cece shi ba, yunƙuri take nema. 'Yan uwa masu shigowa daga Mubi ko Yola su lura, wannan gadon dokar Faransa ne. Tsarin Ingila da Najeriya ta gada a asalinsa bai ɗora wa mai wucewa wannan nauyi ba.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne dukan ɓarawo. Wanda ya yi ihun "ku kashe shi", ko ya miƙa gora, ko ya kawo taya da fetur, ko ya tare masa hanyar gudu zuwa ofishin hukuma, ya fita daga sahun masu kallo. Sashe na 97 ya kira shi mai haɗin baki, na 98 ya ba shi hukunci ɗaya da wanda ya yi aikin. Duka da ya kai ga mutuwa ba da niyyar kisa ba shekara 6 zuwa 20 ne, kisa da gangan ɗaurin rai da rai.

Tsohon jandarma, Ngaundere

Lambobi: 113 jandarma, 117 'yan sanda, 118 masu kashe gobara. Fara da wuri kafin labari: unguwa, alamar da kowa ya sani kamar masallaci ko gidan mai, sannan mutum nawa, wane makami, suna nan ko sun gudu. Mai kira yakan ɓata minti biyu yana bayanin wanda ya fara zagi, layi ya yanke ba a san inda yake ba. A taro kuma kowa yana zaton wani ya kira. Nuna mutum ɗaya da yatsa: kai mai shuɗiyar riga, kira 113. A ƙauyen da babu layi, tura babur ɗaya birgad, wato ofishin jandarma, ɗaya gidan jauro ko lawan.

Dokar bin shari'ar laifuka ta 2005 ta yarda kowa ya kama wanda aka samu yana cikin aikata laifi, amma don a miƙa shi ga hukuma lafiya lau. Kada a ɗaure shi a gindin bishiya, gayyatar duwatsu ce. A tura shi shago mai ƙofar ƙarfe a kulle, dattijo ko liman ya tsaya a bakin ƙofar, a faɗa da ƙarfi cewa jandarma na hanya. Mintocin farko su ne komai. Da jini ya fito, taro ba ya jin kira.

Idan masu bindiga ne, zargina ('yan fashin hanya) ko masu satar mutane, kwanta ka riƙe abin da idonka ya gani. Bayan sun tafi ka rubuta lokaci, lambar babur, kaya, yaren da suka yi, tun kafin ka yi hira da kowa, don da an fara hira labarin mutum goma yakan narke ya zama ɗaya. Kada a ɗauki wuƙar, kada a wanke jinin, kada a laluba aljihun wanda ya faɗi.

Mai babur na haya, Kusuri

Baba, duk mun ji. Abin da ke hana yaranmu ɗaukar mai rauni shi ne wanda ya kai shi asibiti shi ake fara riƙewa, babur ya kwana a ofis, rigarka duk jini, ga tambayar wa zai biya magani.

Lauya, Marwa

Ƙanina, ba zan ce ba a yi ba. Tambaya dole a yi maka ita, kai ne na farko da aka gani da shi. Tsarewa kuwa ta wanda ake zargi ce, awa 48 da ake iya sabuntawa sau ɗaya, ƙari bayan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara. Ga abin da ke kare ka. Kira 113 ko 117 kafin ka ɗaga shi, lokacin kiran zai zauna a wayarka. Kada ka tafi kai kaɗai, dama ana bukatar mai riƙe shi a baya. Karɓi lambar mutum biyu da suka ga ka iso bayan an yi abin. Wajen ba da bayani, faɗi abin da ka gani, ka ware shi da abin da ka ji ana faɗa. Idan ba ka karanta Faransanci, nemi tafinta ya maimaita maka takardar da Hausa ko Fulatanci kafin ka sa hannu. In sammacin shaida ya zo ka je, ƙin zuwa ba dalili shi ma laifi ne.

Malamin zaure, Gider

A Malikiyya maganar ta fi haka nauyi. Littafin Muhtasar na Halil ya ɗora lamuni, wato alhakin biyan abin da ya salwanta, a kan wanda ya bar ceton rai ko dukiya alhali yana da iko, da hannunsa ko da shaidarsa, har ya ambaci wanda ya hana zaren ɗinke rauni, da wanda ya hana rarar abinci ko ruwa ga mai matsananciyar bukata. Ɓoye shaida kuwa Suratul Baƙara ta ce mai yinsa zuciyarsa mai zunubi ce. Hadisin taimakon ɗan uwa ko shi ne azzalumi ya fassara kansa: ka hana shi zaluncin. Haddi aikin alƙali ne bayan shaidu, ba na 'yan kasuwa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Garwa

Allah gafarta Malam, bari in ɗora da na hannu. Babban mutum jininsa wajen lita 5 ne, idan babbar jijiyar cinya ta yanke yana iya ƙarewa cikin 'yan mintoci, tun ana gardamar wa zai kira wa. Sa hannunka cikin leda, ninke ƙyalle mai tsabta, danna kan raunin da nauyin jikinka minti 10 ba ɗagawa. Leƙawa a ga ko ya tsaya ita ke ɓalle gudan jinin da ya fara haɗuwa. Ƙyalle ya jiƙe, ɗora wani a kai.

Wuƙa tana jiki, bar ta, ita ta toshe ramin. Tokare ta da tsumma ta gefe biyu. Hannu ko ƙafa na tsartuwa dannawa ta kasa, ɗauki ɗankwali ko rawani mai faɗin yatsu uku, ɗaura santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, sa ɗan itace ka murɗa har jinin ya tsaya, ka rubuta lokacin, kada ka sassauta a hanya. Siririyar igiya ko waya nama take yankawa. Hanji ya fito, rufe da ƙyalle mai tsabta mai danshi, kada a mayar. Ban da toka, fetur, garin batir ko ƙasa. Ban da ruwan sha, don idan za a yi masa aiki yana iya amai ya shaƙe. Wanda ya suma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe. Wanda aka buga a wuya ko gadon baya kada a naɗe shi a kan babur, a nemi ƙyaure ko faffaɗan katako da mota.

'Yan uwansa su nemi takardar likita ta shari'a tun ranar farko. Kwanakin rashin iya aiki da likita ya rubuta su ke raba laifin: sama da 8 zuwa 30 sashe na 281, sama da 30 sashe na 280. Wanda ya yi jinya a gida mako biyu kafin ya zo, kumburin ya saɓe, da wuya likita ya ga abin rubutawa.