Yaya ake gwada cewa fayiloli ba sa lalacewa a kan NFS?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Akwai ɗakin kwamfuta a wata makaranta nan ƙauyenmu, saba (babbar kwamfutar ajiya) ɗaya mai Linux da kwamfutoci goma da ke ajiye aiki a kanta ta NFS, wato tsarin raba fayiloli ta layin sadarwa. Wutar sola ce, batir kan yi ƙasa da yamma, inbata ta ɗauke ba sallama. Ina so in gwada saitunan NFS na hard da soft, da kuma sync da async, in ga wanne ke ɓata fayil. Ta ina zan fara?

Malam na Gumel:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da umarnin nfsstat -m, ka ga saitin da aka jona da shi a zahiri, domin ba kullum yake daidai da abin da ka rubuta a fstab (fayil ɗin saitin jonawa) ba.

Sai ka ƙirƙiri fayil na gigabait 1 da umarnin kwafi na dd daga /dev/urandom (mai fitar da bayanai barkatai), ka ɗauki sha256sum ɗinsa, wato lambar da ke canzawa idan fayil ya canza, tun yana kan faifan kwamfutarka. Ka kwafa shi zuwa saba da dd ɗin, ka ƙara conv=fsync don a tura komai ga saba kafin dd ya gama. Kada ka karanta shi nan take ka ce ya yi daidai: Linux zai miƙo maka kwafin da ke cikin RAM ne, bai ko leƙa saba ba. Ko ka yi umount ka sake jonawa, ko ka rubuta 3 cikin /proc/sys/vm/drop_caches don share kwafin da ke RAM, ko mafi inganci, ka duba lambar daga wata kwamfutar daban.

Idan layi lafiya lau yake, duk saitunan za su ci jarrabawa. Bambanci sai an samu matsala, don haka ka zare wayar sadarwa ana tsakiyar kwafi. Da hard, aikin zai tsaya cik ya jira, waya na dawowa ya ci gaba. Da soft, bayan timeo (lokacin jira) da retrans (adadin sake gwadawa) sun ƙare sai ya mayar da kuskuren EIO, wato an kasa karatu ko rubutu. A kan TCP timeo yakan zo 600, wato daƙiƙa 60, retrans kuma 2, saboda haka ka bar wayar a zare na mintoci da dama. Manhajar da ba ta duba kuskuren za ta bar maka fayil mai giɓi a ciki.

Hajiya Kazaure:
Ƙari kan bayanin Malam. Async iri biyu ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Na ɓangaren kwamfutar da ke jonawa ba abin tsoro ba ne, tana tura komai idan an rufe fayil ko an yi fsync. Mai haɗari shi ne async na /etc/exports, fayil ɗin saitin rabawa a kan saba: tana amsa cewa ta rubuta alhali bayanan na cikin RAM ɗinta. Wuta ta ɗauke, sun tafi, kuma babu wanda zai ga saƙon kuskure.

Ka gwada da kanka a kan faifan da ba ka buƙata: dd na gamawa ka zare wutar sabar daga soket, kada ka kashe ta da umarni. Ka kunna, ka kwatanta lambobin. Ka maimaita kamar sau goma a kowane saiti, ka tuna da exportfs -ra bayan kowane canji don sabon saitin ya fara aiki. Da irin wutarku, ƙanena, ka bar ta a sync ko da za ta yi nauyi.

Ɗan Ringim:
Na gode Malam, na gode Hajiya. To idan ɗalibai biyu suna rubutu cikin fayil guda fa?

Malam na Gumel:
Wannan gwaji ne daban. Alkawarin NFS shi ne wanda ya buɗe fayil bayan wani ya rufe zai ga sabon rubutu, iyakarsa ke nan. Ka sa kwamfutoci biyu su riƙa ƙara layi mai lamba a ƙarshen fayil ɗaya, sannan ka ƙirga da wc -l, sau da yawa za ka tarar wasu layuka sun hau kan wasu. Saitin noac, mai hana kwamfuta riƙe tsohon bayani game da fayil, yana rage abin amma ba ya kawar da shi, ga jan aiki. Maganin kullewa ce: ka sake gwajin da flock, umarnin kulle fayil, a kan NFSv4 (siga ta huɗu ta NFS), ka tabbata babu nolock cikin saitinka.