Rigar nan dai, wane launi ce?

Uwar Biyu: Jama'a ku raba mu. Jiya maigidana ya tono hoton rigar nan da ta tada ƙura a intanet a 2015. Ni fari da ruwan gwal nake gani, shi kuwa ya rantse shuɗi da baƙi ce. Har tuwo ya huce muna musu. Ko idona ne?

Ɗan Boko: Hajiya, maigida ya fi ki gaskiya, ainihin rigar shuɗi da baƙi ce. Amma idonki lafiya lau. Ƙwaƙwalwarki ce ta ɗauka rigar tana cikin inuwa, sai ta zare shuɗin.

Tela: Ni shi ya sa ba na yarda da launin shadda a ƙarƙashin ƙwan shago. Sai na fito da ita rana.

Uwar Biyu: To don Allah kar wanda ya gaya masa.