Ta yaya zan yi wa abokina bishara ba tare da na kore shi ba?

Mai neman shawara:

Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina da abokin aiki wanda muka shekara uku a ofis ɗaya, mutum ne mai kirki da riƙon amana, amma ya faɗa mini ƙarara cewa bai yarda akwai Allah ba. Wata rana muka yi doguwar muhawara a kan tashin Yesu daga matattu, na yi ta jero masa hujjoji har ya yi shiru, na koma gida ina murnar na yi nasara. Daga nan na fara tura masa aya kowace safiya ta WhatsApp. Da farko yakan amsa da godiya, daga baya ya daina buɗe saƙon, yanzu kuwa da zarar na shigo sai ya maƙala iyafis a kunne ya duƙufa a kan kwamfutarsa. Umarnin Ubangiji a Matiyu 28:19, na mu je mu almajirtar da dukan al'ummai, bai bar mini damar yin shiru ba, amma ina tsoron kada ya zama ni ne nake ƙara nisanta shi. Me ya kamata in yi?

Dattijo a ikilisiya:

Ɗana, ka taɓa tambayarsa abin da ya sa bai ba da gaskiya ba? A cikin bayaninka na ga hujjojinka da ayoyinka, amma ban ji muryarsa ba. Marasa bi ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda karatu ya jefa shi cikin shakka, akwai wanda halin wasu masu bi ya ɓata masa rai, akwai kuma wanda wata masifa ta same shi ya rasa yadda zai haɗa ta da batun Allah mai ƙauna. Idan ka ba wa na ukun amsar da ta dace da na farkon, ka yi aikin banza, mai yiwuwa ma ka fama masa ciwo.

Ka duba yadda manzo Bulus ya yi. A majami'ar Antakiya ta Bisidiya, cikin Ayyukan Manzanni 13, ya fara ne daga tarihin Isra'ila, domin masu sauraronsa sun san Attaura da annabawa. Da ya isa Atina a sura ta 17, sai da ya zaga birnin ya lura da wuraren ibadarsu, har ya ga wani bagadi da aka keɓe wa allahn da ba a sani ba, daga nan ya ɗauko maganarsa, ya kuma kafa hujja da kalaman mawaƙansu. Duk da wannan hikima, waɗansu sun yi masa ba'a da ya ambaci tashin matattu, waɗansu suka ce za su sake saurarensa, kaɗan ne suka ba da gaskiya, cikinsu har da Diyonisiyas da wata mace mai suna Damaris. Filibus ma, da ya tarar da Bahabashen nan yana karanta littafin Ishaya a cikin karusarsa, da tambaya ya buɗe magana, bai hau ba sai da aka gayyace shi.

Shawarata ita ce ka dakatar da tura ayoyin, ka same shi ka nemi gafara a kan yadda ka matsa masa. Ka lura da 1 Bitrus 3:15, inda aka ce mu kasance a shirye mu ba da amsa ga mai tambaya, da tawali'u da ban girma.

Mai bishara:

Baba ya faɗi gaskiya, amma da izininsa zan ɗan ja hankalinmu. Na ga masu bi da yawa da ke cewa halinsu shi ne wa'azinsu, sai a shekara goma ba su taɓa furta sunan Yesu a gaban abokansu ba. Hali nagari yana buɗe ƙofa, sai dai ba ya gaya wa kowa cewa Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya kuma tashi a rana ta uku, wanda shi ne jigon bishara bisa ga 1 Korintiyawa 15:3-4. Bulus da kansa ya yi tambaya a Romawa 10:14 cewa ta yaya za su gaskata da wanda ba su taɓa jin labarinsa ba. Saboda haka, ɗan'uwa, ka saurara, amma ranar da ya tambaye ka kada ka noƙe. Ka ba da shaidarka a taƙaice, kamar makahon nan na Yahaya 9 da bai iya amsa duk tambayoyin Farisiyawa ba, ya tsaya a kan abin da ya sani, wato dā ba ya gani, yanzu yana gani. Idan kuma ya kawo tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce masa za ka bincika, kada ka ƙirƙiro amsa.

'Yar'uwa da ta taɓa barin bangaskiya:

Ni na shekara shida a matsayin da abokinka yake, don haka bari in faɗa maka abin da ake ji daga can. Marar bi yana saurin gane mai ƙaunarsa da mai farautarsa. Akwai waɗanda suka yi ta jana a jiki, amma da na ƙi bin su sujada sau biyu, ko gaisuwa ban ƙara samu ba. Wadda ta yi mini tasiri wata ƙawata ce da ta kwana tare da ni a asibiti lokacin da mahaifiyata take jinya. Cikin dare ta nemi izinin yi mana addu'a, na ce a'a, ta ce to, ta gyara wa mahaifiyata mayafi ta koma kujerarta har gari ya waye. Bayan kusan shekara biyu ni da kaina na je mata da tambayoyina.

Sannu ba ta hana zuwa. Nikodimu, wani shugaban Yahudawa, ya zo wurin Yesu da dare a Yahaya 3, ba a ce ya tuba a daren ba, sai ga shi a sura ta 19 yana taya binne jikin Ubangiji. Monika, mahaifiyar Agustin wanda daga baya ya zama babban malamin ikilisiya, ta yi shekaru tana yi masa addu'a kafin Bishop Ambros ya yi masa baftisma a birnin Milan a shekarar 387, a wannan shekarar kuma ta rasu. Ka tambayi zuciyarka, ɗan'uwa, ko za ka ci gaba da zama abokinsa idan bai taɓa ba da gaskiya ba.

Mai neman shawara:

Na gode, Baba, na gode 'yan'uwa. Jiya bayan tashi daga aiki na ba shi haƙuri, na kuma tambaye shi dalilinsa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya gaya mini cewa ƙaninsa ya rasu yana ɗan shekara 14, bayan dukan gidansu sun yi wata da watanni suna roƙon Allah ya ba shi lafiya. Shekara uku muna tare ban taɓa sanin yana da ƙane ba. Ayoyi sun zo mini baki, na haɗiye su, na tambaye shi sunan yaron. Mun fi awa guda yana ba ni labarinsa. Baba, idan ya sake ɗauko zancen, ya dace in ambata masa Ayuba ko Zabura 88, inda mai shan wahala yake kai kukansa ga Allah, ko kuwa in jira sai shi ya nema?