Wadatar zuci ko mutuwar zuciya?

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum. Malamai na ta cewa a yi wadatar zuci, amma idan mutum ya tsaya inda yake sai a ce zuciyarsa ta mutu. Ina iyakar take, musamman ga manomi da kaka ta yi masa kyau?

Malam Na Gwandu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Wadatar zuci bayan nema take zuwa, zomo ba ya kamuwa daga zaune. A hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wadata ba yawan kaya ba ce, wadatar zuci ce. Dubi Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1829. Da ya ga son mulki da tara dukiya sun shiga jama'a, sai ya bar rundunar jihadi ya nufi Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi. Bai daina karantarwa da rubutu ba, kwaɗayin ya guje wa.

Baba Mai Shinkafa, Suru:
Yaro, a bakin masussuka ake gane ta. Ka fara da zakka idan ta kai nisabi: buhu 1 cikin 10 a noman damina, 1 cikin 20 idan da inji ka yi ban ruwa. Sai iri. Sai abincin gida, kuma ka ƙirga, kada ka yi kirdado. Gidan da ke cin tiya 2 kullum, in buhu tiya 40 ne, buhu 18 zai ci a shekara. Ware kuɗin taki da man inji. Ragowar ce taka.

Inda ake faɗuwa shi ne a kwashe shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, duka a kai kasuwa da kaka, lokacin da ba ta da daraja, don maƙwabci ya sayi sabon babur. Watan Agusta na yi, sai ka ga mutum yana sayen abin da ya noma da tsada, ko ya ci bashin da zai biya da buhu. Wanda ka ajiye ma ka shanya shi ya bushe sosai, ka ɗora kan katako, in ba haka ba danshi ya cinye.

Hajiya 'Yar Jega:
Baba, ka manta da biki. Gara da anko na cin rumbu fiye da gara mai cin itace. A yanke abin da za a kashe tun kafin a sa rana, a gaya wa dangi ƙarara. Surutun mako guda ne.

Ɗan Argungu:
Na gode. Baba, irin fa, daga farkon shiƙa ake ɗiba ko daga ƙarshe?